Makullin Ɗakin Baba

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe uku, rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Tela yana kan keke yana kafa hannun riga sai ya ji warin roba tana ƙonewa. Kafin ya ajiye almakashi, hayaƙi ya turnuƙe daga gidan da ke jikin shagonsa.

Ciki da falo ne, na maƙwabciyarsa da ake wa laƙabi da Tauraruwa saboda wasan kwaikwayo. Mahaifinta tsufa ya cinye masa tunani, in ya fita sai an kwana biyu ana cigiyarsa. Shi ya sa in za ta tafi wasa take kulle shi ta waje, ta bar masa ruwa da rediyo. Ƙofar ta ƙarfe ce, tagar ciki kuma da sanduna.

"Wa ya ɗora girki ne?" in ji Baba ta taga, yana tari. "Ku ce mata ya kama."

"Baba, kwanta ƙasa! Kada ka leƙa falo!"

Tela ya cafki kwaɗon ƙofar da hannu biyu yana fizga, sai da ya ji ƙaurin fatarsa sannan ya saki. Makanikin unguwar ya iso da guduma, wani ya kira 'yan kwana-kwana. Guduma ta sauka sau biyar, ƙofar ko gezau.

"Wanda ya ƙera wannan ƙofa, Allah ya isa," in ji Makaniki. "Hau babur ɗina ka karɓo makulli!"

Zauren wasan tsohon sito ne a bayan tasha. Tela ya san shi, shi yake ɗinka musu kaya. Ya kuma san halin Darakta. Wasan a kan wata mai wanki ne da mummunan labari ke riska tana tsakiyar aiki, kuma duk ranar wasa Darakta sai ya ɓoye wani a cikin 'yan kallo, ya tashi ya kawo labarin da ba a shirya ba, don a ga firgici na gaske. Dokarsa ɗaya: duk wanda ya fita daga wasa ya bar ƙungiya. Makon jiya ƙanwar Tauraruwa ya sa. Shi kansa Tela sau uku Darakta yana roƙonsa ya yi hakan, a gaban Tauraruwa.

Sai da ya banke ƙofa ya ga Tauraruwa ta ɗago daga bahon wanki sannan wannan ya faɗo masa a rai.

"Yaya! Gidanku ya kama da wuta, Baba na ciki! Ba ni makulli!"

Tauraruwa ta dube shi, har wani ɗan murmushi ya gilma a gefen bakinta, irin na ashe kai ma ya shawo kanka. Ta saki zanen da take matsewa, ta dafe ƙirji, ta fara kukan da aka koya mata.

"Wace wuta, bawan Allah? Ni da ban bar ko garwashi ba!"

"Ba wasa nake ba! Wallahi ba wasa ba ne!"

"Wannan ya fi na makon jiya," wata ta ce a layin gaba. Aka soma tafi.

Tela ya juya wajen mutane. "Ku ji tsoron Allah! Mutum ne ke ƙonewa!"

Tafin ya ƙaru. Wani ya yi fito. Can baya, wajen fitilu, Darakta ya ɗaga babban yatsa, ya zaci mataimakinsa ne ya kawo shi.

Tela ya haye dandalin, ya yi tuntuɓe da bahon, ruwan kumfa ya malale. Duk abin da ya faɗa sai ya zama wasa. Sai ya kama hannuwanta ya danna su a cikin tafinsa.

Ta ji danshi, ta duba. Fatar ta saɓule, ga shatin kwaɗo kwance a nama. Rigarsa tana warin hayaƙi.

Kukan ya tsaya cak.

"Tela," ta ce, da muryarta ta gida. "Baba?"

"Makullin, Yaya."

Ta laluba wuyanta, babu. Kafin a fara wasa kowa yakan zuba waya da makullai a akwatin Darakta, ya kulle. Ta dira daga dandalin ta ratsa kujeru tana ihu, mutane suna miƙewa suna yi mata tafi. Sai da ta shaƙe wuyan rigar Darakta sannan ya fara laluben aljihunsa.

A hanya da gwiwar hannu Tela ya riƙa danne kan babur. Da suka iso, Makaniki yana zaune a bakin kwalbati, gudumar tana tsakanin ƙafafunsa. Ya ce minti biyar ke nan da Baba ya daina amsawa.

Asarar ranar: ɗaki biyu, shago ɗaya, keken ɗinki, rigunan mutane goma sha huɗu, rediyo. Fatar tafin hannu biyu. Minti tara a zauren wasa. Da Baba.