Gidan da ke Bayan Aji Shida

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, mutanen Kukar Mati, wani ƙauye da ke bayan Zakirai, suka koyi cin tuwo sau ɗaya a rana. Gonaki sun haɗe da juna tun daga bakin gari har inda ido ya tsaya, amma abin da aka girbe a cikinsu bai cika rabin rumbu ba. Albashin malaman makaranta ma sai ya yi watanni bai leƙo ba. A cikin wannan hali ne hukumar ilimi ta ƙarasa wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan aji shida na firamaren garin, wanda aka soma tun lokacin da ƙasa ke da wadata. An yi masa rufin kwano, an shafe shi da siminti, ga rijiyar makaranta a gindinsa. Ba wanda ya san wa za a ba.

Malam Dallatu ya sa ran shi ne. Shi ke koyar da Turanci a manyan azuzuwa, kuma in ka cire hedimasta, Malam Yuguda, wanda ke zaune a gidan gadonsu cikin gari, Dallatu kaɗai ke da cikakkiyar takardar shaidar malanta. Soron da yake ciki da matarsa Hure da 'ya'yansu yana yoyo ta kusurwa biyu. Bai gaya wa kowa burinsa ba, amma duk sanda ya fito shan ruwa sai ya leƙa gidan ta taga.

Babban abokinsa a makarantar shi ne Sama'ilu. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare aka kai su kwalejin horon malamai. Dallatu ya ci jarrabawar fita, Sama'ilu ya faɗi darussa biyu, aka ɗauke shi aiki a matsayin malamin wucin gadi. Sai dai Allah Ya yi wa Sama'ilu farin jini. In iyaye suka zo da ƙorafi, wurinsa suke nufa. In ana ɗaurin aure, shi ake miƙa wa goro ya raba, kuma kowa ya tashi yana ganin an ba shi hakkinsa. Ko labarin da Dallatu ya bayar jiya aka yi shiru, in Sama'ilu ya maimaita shi yau sai mutane su riƙe ciki don dariya. Dallatu yakan yi dariyar tare da su, amma ta leɓe ce kawai. Ya daɗe yana rarrashin kansa da cewa duk abin da za a ce, takarda dai tana hannunsa.

Ana tsakiyar bazara wani jami'in ilimi ya zo duba makarantar. Mutumin kudu ne, dogo, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ya zaga azuzuwa da hedimasta, daga nan suka tsaya a inuwar darbejiyar da ke ƙofar sabon gidan suna magana da Turanci. Dallatu yana cikin aji shida, taga a buɗe. Da ya ji an ambaci sunan abokinsa sai ya dakata da rubutu a allo, ya kasa kunne. Abin da ya ji jami'in ya ce, hannunsa dafe da bangon gidan, shi ne: "Sama'ilu will live here when the term ends." Wato Sama'ilu zai zauna a nan da zarar zangon karatu ya ƙare. Hedimasta ya sunkuyar da kai.

Allin da ke hannun Dallatu ya karye. Ya ƙarasa darasin bai san abin da yake faɗa ba.

Kwanaki ya yi yana jiran Sama'ilu ya zo masa da labarin, ko da don abota. Sama'ilu bai zo ba. Sai ma ya rage surutu, ya daina tsayawa hira bayan an tashi. Dallatu ya gan shi ya shiga ofishin hedimasta an turo ƙofa, ya sake ganinsa wani yammaci tsaye a bakin rijiya yana kallon makarantar kamar mai son haddace ta. Ya ce a ransa, ga shi can yana auna inda zai kafa turken akuyarsa.

Da ya gaya wa Hure, tana tankaɗen garin rogo da suka koma haɗawa da na dawa, sai ta ce ai abin murna ne, abokinsa ne fa. Dallatu ya ce ba gidan ne ya dame shi ba, ɓoyewar ce. Ya ce mutumin da ya faɗi jarrabawa ba ya samun irin wannan sai da kamun ƙafa, kuma Allah kaɗai Ya san abin da aka faɗa a kansa shi Dallatu a bayan waccan ƙofar. Hure ta dube shi ta ci gaba da tankaɗenta.

Tun suna samari shi da Sama'ilu suke ciyayya, kowa ya fito da kwanonsa bayan magariba a zauna a ƙofar gidan su Sama'ilu. Dallatu ya daina zuwa, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Da safe kuma sai ya riga fita, ya bi ta bayan gonar liman don kada su haɗu a hanya. In ya rufe ido, Kaltume matar Sama'ilu yake gani tana shanya a igiyar gidan siminti, 'ya'yansu suna jan ruwa ba tare da sun taka ko'ina ba, shi kuwa yana tara kwano a ƙarƙashin yoyo. A majalisar bakin masallaci ya fara sakin magana, yana cewa zamani ya zo da ilimi ba ya tsinana wa mutum komai, iya dariya a gaban manya ita ce takarda. Bai kama suna ba, amma garin ƙarami ne.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Sama'ilu ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa ya daɗe yana wasa da bakin tabarma kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Yunwa ta sa sun cinye irin geronsu, ya kuma san Dallatu ya rataye nasa bai taɓa ba. Ko zai sam masa kaɗan, in kaka ta yi ya mayar.

"Iri kuma, Sama'ilu?" in ji Dallatu. "Na zaci wanda hukuma ta gama yi wa shiri ya wuce noma."

Sama'ilu ya ɗago ya dube shi. "Ashe ka ji."

"Na ji mana, da kunnena, tun ranar da mutumin ya zo."

"Tun ranar ka sani, amma ba ka ce mini komai ba?"

"Me zan ce? Kowa da rabonsa. Abin da ya same ka ai ya dace da kai."

Sama'ilu ya miƙe. Sannan ya jawo takalmansa ya sa, ya ce Allah Ya saka da alheri, ya fita. Dallatu ya zauna yana jin wani irin sanyi a ƙirjinsa, irin na wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa ya samu ya soka wa wani.

Ruwan shuka ya sauka, Dallatu ya shuka gonarsa. Ta Sama'ilu, da ke iyaka da tasa, ta zauna fayau. Ko wannan ma sai Dallatu ya ɗauke shi girman kai.

Ana saura kaɗan a ba da hutu Hure ta je suna wata unguwa, ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

"Malam, wane gida ka ce za a ba su? Kaltume na can tana sayar da kwanukan jerenta. An sallami mijinta daga aiki. Ungogo za su koma, wurin yayanta."

Dallatu ya ce ba ta ji daidai ba. Ta ce ita da Hausa aka gaya mata.

Bai tsaya jiran gobe ba, ya tafi gidan hedimasta. Ya tarar da Malam Yuguda yana gyaran ƙotar fartanya a zaure. Dattijon ya tabbatar masa da maganar, ya ce umarni ne daga sama, duk malamin da ba shi da cikakkiyar takarda a sallame shi, ba Sama'ilu kaɗai ba, abin ya shafi makarantu da yawa. Ya ce ya yi ta kai gwauro yana kai mari ko za a bar masa shi, abin ya faskara, shi kuma Sama'ilu ya roƙe shi kada a faɗa sai an yi hutu. Dallatu ya ce to amma shi da kunnensa ya ji jami'in ya ce Sama'ilu zai zauna a sabon gidan, ya ma maimaita jimlar da Turanci yadda ya ji ta.

Malam Yuguda ya ajiye fartanyar. "Leave ya ce, Malam Dallatu, ba live ba. Ta farko barin wuri, ta biyu zama a wuri. Ɗaya ana jan ta, ɗaya ana datse ta, shi kuwa bakinsa bai raba su ba. Inuwa muka bi muka tsaya a wurin, zancen gida bai ko taso ba." Ya ƙara dubansa. "Kai fa kake koya wa 'yan aji shida wannan."

Gaskiya ne. Dallatu ya sha rubuta kalmomin biyu a allo, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana sa yara su ja ta farko har sai haƙoransu sun fito. Ya san su kamar yunwar cikinsa. A hanyar komawa gida maganar da ya yi wa Sama'ilu a kan tabarma ta riƙa dawo masa, yana jin ta yadda mutumin da aka kora daga aiki zai ji ta.

Washegari ya sauke ragowar irinsa ya zuba a ƙwarya ya nufi gidan su Sama'ilu. Ya same shi yana ɗaure katifa da igiya. Ya yi bayani tun daga tagar aji shida har zuwa zauren hedimasta, yana haɗa Hausa da Turanci, yana nuna yadda kalmomin suke kama da juna. Sama'ilu ya saurare shi bai katse shi ba.

"Na gane," ya ce. "Da ka zaci kora ce, da ka zo ka yi mini jaje. Da ka zaci alheri ne, sai ka daina cin tuwo da ni."

Dallatu ya miƙa masa ƙwaryar irin. Sama'ilu ya ce ya yafe, duniya ce. Irin kuwa ya ce a mayar, lokacin shuka ya wuce, gonar ma ya bar wa ƙanensa ya sa wake. Ranar tafiya Dallatu ya ɗaukar musu buhun kaya har bakin titi. Suka yi musabaha, motar ta tashi.

Gidan bayan aji shida ba a ba kowa ba. An ce ɗan bautar ƙasa za a turo, bai zo ba, daga baya aka mayar da shi ma'ajiyar karyayyun bencina. Dallatu ya ci gaba da aikinsa, ya kuma ɗauka abin da ke ransa game da Sama'ilu ya mutu, tausayi ya maye gurbinsa. Yakan tambayi masu zuwa birni labarinsa. Da aka ce masa yana dakon bulo a inda ake yanka gonaki ana gine-gine, har sadaka ya yi a kan Allah Ya kawo masa sauƙi.

Sauƙin ya zo. Masu gini suka lura Sama'ilu ya iya lissafi ya kuma iya magana da mutane, wani mai gidan bulo ya ɗora shi a kan ma'aikatansa. Bayan 'yan shekaru, da babbar salla, sai ga shi ya shigo Kukar Mati a kan sabon babur, ya yi ƙiba, shaddarsa tana ɗaukar ido. Kafin ya kafe babur ɗin majalisar bakin masallaci ta watse ta kewaye shi. Ya kawo wa liman turare, ya kawo wa Malam Yuguda hula, ya kawo wa Dallatu yadi mai kyau, ya rungume shi a gaban kowa yana kiransa abokin kiwo. Ya ba da labarin ranar da ya fara ɗaukar bulo ya faɗa cikin kwaɓin siminti, mutane suka yi ta dariya har da masu share hawaye.

Dallatu yana tsaye da yadin a hammata, yana kallon yadda rana ke walƙiya a tankin babur ɗin. Ya tuna kekensa da ke jingine a zaure ba taya, ya tuna takardar shaidarsa da ke cikin akwati. Wani tsohon manomi da ke gefensa ya ce ai korar nan alheri ce ta zame wa Sama'ilu, wani hanin ga Allah baiwa ne. Dallatu ya ce haka ne.

Da taro ya lafa, Sama'ilu ya tayar da babur ya ce ya hau ya kai shi gida, ya gaisa da Hure. Dallatu ya ce ya yi gaba, akwai abin da zai duba a gona tukuna. Ya bi ta bayan gari a ƙafa, cikin kayan sallarsa, ƙarar babur ɗin tana zaga unguwanni a bayansa.