Hannun Hagun Marisa

Da gudu Marisa ta faɗo gidan, ƙaton kifi a leda, wutsiyarsa na dukan gwiwarta, tana ƙwala wa Bineta kira tun daga ƙofa. Ita kaɗai ta je kasuwar Tilen, ita kaɗai ta yi ciniki da gurguwar Wolof ɗinta, har mai kifin ta rantse cewa wannan Ba'amurkiya ta fi matan Dakar taurin kai. Yau ce ranarta ta ƙarshe a gidan da jami'a ta sauke ta, kuma ita za ta girka shinkafa da kifi na rana. Da la'asar mota za ta kai ta filin jirgi.

Bineta, 'yar gidan da suke kwana ɗaki ɗaya, ta jujjuya kifin ta ce ba laifi, amma bari ta ajiye burodi kusa, ko da tukunya za ta ba su kunya. Marisa ta bi ta da ludayi har tsakar gida. Murna ta hana ta tsayawa wuri ɗaya. Ta daka tattasai da tafarnuwa ta cusa a cikin kifin, ta soya tumatir har ya yi duhu, tana yi tana rawa da waƙar da ke tashi a rediyon maƙwabta.

Duk wannan rawar jiki saboda mutum ɗaya ce, Yaay Rokhaya, mahaifiyar Bineta. Unguwar nan kaf ta karɓi Marisa. Tela na tsokanarta, masu shayin bakin titi na ajiye mata kofi, yara sun haddace sunanta. Yaay Rokhaya kuwa har yau "baƙuwar Bineta" take ce mata. Marisa bahaguwa ce, kuma a makonta na farko ta miƙa wa matar ruwa da hagu. Ba ta karɓa ba, ba ta yi faɗa ba, kallon hannun kawai ta yi. Tun daga ranar Marisa ke fama da hannun nan, har zama take yi a kansa in za a ci abinci. Abin da take so kafin ta tafi bai wuce kalma ɗaya mai daɗi daga bakin matar ba.

Da azahar aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye babban faranti a tsakiya, mata suka kewaye shi har da maƙwabta biyu da ƙamshi ya jawo. Shinkafar ta yi ja, ta yi wara-wara. Wata maƙwabciya ta kai loma ta ce a ɓoye fasfo ɗin yarinyar nan, akwai ɗanta da ke neman mata. Aka kwashe da dariya. Bineta ta ce ta yafe burodin.

Daɗi ya kwashe Marisa. Da yake mai girki ce ke gutsuro kifi tana tura wa kowa gabansa, sai ta zaɓo tsoka mafi kyau ta ajiye a gaban Yaay Rokhaya. Sai da ta ji wurin ya yi tsit sannan ta dubi hannunta. Hagu ne, dumu-dumu da mai.

Yaay Rokhaya ta ci gaba da cin abincinta a hankali, ta wanke hannu, ta shige ɗaki. Marisa ko ɗaga kai ba ta yi ba, balle ta ga abin da ya faru da tsokar. A ɗaki ta haɗa kayanta tana share hawaye da gefen mayafin da Bineta ta ba ta. Haushin kanta ya ishe ta.

Da mota ta iso, rabin layin ya fito. Tela ya kawo mata rigar da ya yi makonni yana cewa gobe, masu shayi suka ɗora akwatunanta, Bineta ta rungume ta tana kuka tana zaginta. Can sai ga Yaay Rokhaya a bakin ƙofa. Ta miƙo hannu, kuma hagu ta miƙo.

Marisa ta ɗauka gwaji ne, ko kuma gori. Ta yi maza ta ɓoye hagunta a baya ta miƙa dama, har da rusunawa. Matar ta buge hannun.

"Ba wannan ba. Kawo ɗayan."

"Yaay, hagu ne fa."

"Na sani, ba makauniya ba ce ni. Wanda za shi nesa, da hagu muke sallamarsa. Mun gaisa ba daidai ba ke nan, dole ki dawo mu gyara."

Marisa ta fito da hannun da ta yi watanni tana ɓoyewa. Yaay Rokhaya ta riƙe shi gam, ta daɗe ba ta saki ba, direba na ta danna ham.

"Kuma tsokar nan da kika ba ni, gishiri ya yi mata yawa, ɗiyata," in ji ta. "Shi ma in kin dawo kya gyara."