Gawar da Ta Kalli Sama

Ƙarfe goma na safe, rana ta buɗe tarwai a kan duwatsun Chatsworth, kusa da Hollywood, ko ɗigon girgije babu. Ni da Baba Orval Tackett muna zaune a inuwar keken doki muna kurɓar kofi, muna jira a zo a kashe mu.

Aikinmu ke nan, mu ne 'yan fashi a fim ɗin kaboyi. A satin nan kaɗai an harbe ni sau huɗu, shi kuwa sau shida, don ya fi ni iya faɗowa daga doki. Shekara talatin ya yi yana kora shanu daga Texas zuwa arewa, bai taɓa nuna wa mutum bindiga ba. Da ya zo Hollywood aka dube shi aka ce bai yi kama da kaboyi ba, aka ɗaura masa ƙyalle a fuska.

Akwai ƙa'idar da kowannenmu ya sani: in an harbe ka, ka faɗi rubda ciki. Gawar da ba a ga fuskarta ba, gobe za ta tashi, ta sauya riga, a sake kashe ta. Wadda kyamara ta gane kuwa ta mutu ke nan har fim ya ƙare, sai ta koma bakin titi neman wani aikin.

Baba Orval ya zaro wasiƙa daga cikin malafarsa. Daga 'yarsa Lavina ce, da ke aure a Nebraska. Rabonsa da ita tun tana 'yar shekara tara.

"Sake karanta mini wurin nan, Lonnie."

Karatuna ba nisa, amma na fi shi. Na bi a hankali. Ta ce duk Asabar suna zuwa silima da yaranta biyu, suna tambayarta wanne ne kakansu, ita kuma sai ta nuna duk wanda ya faɗo. Ta ce mijinta ya fara cewa tsohon nan ƙarya yake yi, kashin dawaki yake shara.

Ya ninke takardar. Sai a lokacin na lura ya yi aski fes.

"Yau zan kalli sama," in ji shi.

"Baba, saura sati uku fa a fim ɗin nan."

"Na tambaye ka, ɗan nema? Kai dai ka mutu taka mutuwar."

Darakta, Mista Kessler, ya ƙwala mana kira ta bututun kwalinsa na ƙara murya. Bai taɓa hawa doki ba, amma shi ke koya mana zaman sirdi. Mutum biyu suka tallafi jarumin fim ɗin, Rex Dunmore, suka ɗora shi a kan farin dokinsa, na uku ya ɓuya bayan dutse riƙe da linzami. Tsarin shi ne mu taso masa a sukwane, ya yi harbi ɗaya, mu biyu mu faɗi a gaban kyamara. Ban tambayi yadda harsashi ɗaya zai yi wannan aikin ba.

Muka taso. Bindiga ta tashi. Na zube rubda ciki yadda na saba. Ta ƙarƙashin hammatata na hango Baba Orval ya fizge ƙyallen tun yana sama, ya sauka rigingine, faɗuwa mai kyau ƙwarai. Sai malafarsa ta biyo shi, ta kifu daidai a kan fuskarsa.

Gawa ba ta ɗaga hannu. In ya motsa, za a tsai da kyamara a kira wasu. Ya kwanta shiru, ina jin numfashinsa a cikin malafar. Mista Kessler na ta ihu: "Rex, kalli nesa! Yi baƙin ciki! Ba ciwon ciki na ce ba!"

Takalmina na kusa da kansa. An ce shure-shure ba ya hana mutuwa, to amma ba a hana mai mutuwa yinsa ba. Na yi ɗaya mai ƙarfi. Malafar ta gangara gefe.

Mai kyamara ya ci gaba da juya hannunta, tana ta ɗauka. Rana ta dalle fuskar tsohon, idonsa a rufe, haɓarsa a ɗage kamar wanda ya je ɗaukar hoto.

"Tsaya!" in ji Mista Kessler. "Wane jakin ne ya mutu yana kallon sama? A sake!"

Amma Rex Dunmore ya riga ya sa an sauke shi. Ya ce dokin ya yi masa wani irin kallo, yau ba zai ƙara hawa ba. Dole aka bar abin yadda yake.

"Kai tsoho, ka mutu," in ji Mista Kessler. "Kwashi kayanka."

Baba Orval ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya kwance sirdinsa ya saɓa a kafaɗa. Da ya zo wucewa ta gabana yana murza kunne, ya tsaya.

"Ka je ka koyi mutuwa, yaro. Saura ƙiris ka cire mini kunne."

Ya kama hanyar gari. Ni kuma aka miƙo mini wata rigar.