Layin da Baba Ya Liƙa

Auta ta sa tafin hannu ta tura gadar injin. Ta tafi sumul kamar kamu biyu, sannan ta cije. Ta ƙara ƙarfi, gadar ta yi wani ƙara mai tsinka haƙori, ta tsaya cak a tsakiyar teburin. Sai a lokacin ta sunkuya ta duba gefe, ta gane dalilin ƙaurin da ya tarbe ta tun daga bakin ƙofa.

An yi wa layukan da gadar ke bi walda. Duka biyun, hagu da dama, daga wannan kai har wancan.

Injin sassaƙa take haɗawa, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa ya fitar da zane a jikin katako. Tebur ne na ƙarfe, a bisansa gada mai ɗauke da bakin yanka, gadar kuma tana gudu a kan layi biyu kamar jirgin ƙasa. Waɗannan layukan su ne ran injin. Masu sayar da ƙarfe sun yi ta cusa mata zagayayyiyar sanda mai araha, ta ƙi, don ta san tana lanƙwasawa idan gada ta yi nauyi. Ta nace sai mai kusurwa huɗu, gogagge tun daga masana'anta, da takalmansa da gadar ke hawa, cike da ƙananan boris. Irin wannan ba a nuna masa wuta. Da noti ake ɗaure shi, rami bayan rami, a hankali. Jiya ta jera su, ta danne da maɗauri, da niyyar yau da safe ta huda teburin. Yanzu zafi ya murɗe su, ido ba ya gani, amma boris ya gani.

Kuma yau ne Yaya, babban wanta, zai zo. Shi ke riƙe da hayar shagon, ya daɗe yana son bayan shagon don ya zuba tayil ɗin daɓe da yake sayarwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: idan wata ya ƙare gadar ba ta yi tafiya ba, Auta ta kwashe tarkacenta.

Shagon dama rabi biyu ne. Gaba na Baba da injin waldarsa, baya nata. Ƙarancin filin nan ya sha cin ranta. Ita ƙarfe mai haƙora ta so ya riƙa jan gadar, dogo, wanda zai ɗauki ƙofa sukutum. Babu wuri. Bel kuwa miƙewa yake yi, da'ira ta fito kamar ƙwai. Dole ta haƙura da gajeren sukuru, injin da rabin ƙofa kawai zai iya. Babu wanda bai ji wannan ƙorafin ba a gida, har Inna ta haddace shi.

Baba ya shigo yana gyara hula, fuskar nan fal murmushi.

“Kin gani ko? Na hutar da ke. Na ga kin bar su a sake, na ce yarinyar nan za ta wuni tana huda. Yanzu ko babbar mota ta hau, ba za su motsa ba.”

“Ai ba sa motsi, Baba. Gadar ma ba ta motsi.”

“Sabo ne. Ki ɗiga masa mai.”

Ta juya masa baya ta shiga jera sifanu da ba su buƙatar jerawa. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙera ƙofofi da tagogi, wanda a wurinsa duk abin da ba a yi wa walda ba to aro aka ɗaura, shi za ta yi wa bayanin cewa kaucewar kaurin gashi ɗaya ma matsala ce? Sau nawa ta ce masa kada ya taɓa bayan shagon? Ta haɗiye maganar.

Yaya ya iso kafin azahar, da tef ɗin awo a hannu. Ko kunya babu, tun bai ga injin ba ya zo da abin auna wurin tayil. Ya gaida Baba, ya tura gadar da yatsa biyu, sannan da hannu biyu, sannan da kafaɗa. Ya yi dariya.

“Wannan ne abin da aka hana mu barci a kansa? Wallahi baro ya fi shi tafiya.”

“Ka ba ni lokaci in sake layi.”

“Wane lokaci? Ba ke kika ce wannan layin ya fi kowane ba? Aka ce ki sayi na kowa da kowa, kika ce ke kin karanta. To ga karatu.”

Ta dubi Baba, tana jiran ya buɗe baki. Ya buɗe kuwa. Ya shafa layin ya ce, “Ni dai ina zargin boris ɗin nan jabu ne. Yaran yanzu, a waya suke sayen ƙarfe, ba su ɗaga ba, ba su ƙwanƙwasa ba.”

Nan abin ya ƙwace mata.

“Jabu? Baba, ni za ka ɗora wa? Kai ka ƙona min layi. Ga ramukan noti nan a jere tun daga masana'anta, ka bi gefensu da wuta. Don me? Don ba ka gani. Yaya, ba ya gani. Likita ya ce ya ajiye walda tun bara, ni na raka shi, ni ya ce in rufe bakina. Na rufe, ga sakayyata.”

Ta san ba gaskiya ta faɗa ba, tun maganar ba ta gama fita ba ta sani. Likita ya faɗa, wannan haka ne. Amma Baba ya ga ramukan sarai. Raina noti ya yi, kamar yadda ya raina shi tun kafin a haife ta. Ta ɗauki abin da ya fi zafi ne kawai ta jefa, kuma a wannan lokacin ko kaɗan ba ta yi nadama ba.

Yaya ya daina dariya. Ya juya ga mahaifinsu.

“Baba, haka ne?”

“Hazo-hazo ne kawai. Hannu ai ya san hanya.”

“Tun bara.” Yaya ya naɗe tef ɗinsa, ya zura a aljihu. Muryarsa ta yi ƙasa, wadda ta fi tsawarsa muni. “Shi ke nan. Daga yau an gama walda. Gobe zan turo a ɗauke injin waldar. Ba zan zauna in jira ranar da za a kira ni a ce ka makance a kan taga ba.”

“Yaya, ni ba haka nake nufi ba.”

“Ke kuma kin ci. Ba laifinki ba ne, na gani. Tayil zan nema masa wani wuri.” Ya nuna gaban shagon da haɓa. “Ga fili nan har bakin ƙofa. Ki sayo mai haƙoran nan naki da kika ishe mu da shi, ki yi ta ƙofa sukutum.”

Baba bai yi musu ba, kuma wannan ya fi ba ta haushi. Da ya yi faɗa, da ta samu abin kamawa. Ya je ya zare fulogi, ya naɗe wayar walda a gwiwar hannu, zagaye bayan zagaye, yadda yake yi kullum da yamma. Ya rataye gilashin a ƙusarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Idan za ki cire, ki fara daga tsakiya. Kada ki ci teburin.”

Suka fita tare, Yaya na riƙe da hannunsa kamar mara lafiya, shi da ya zo da ƙafarsa garau.

Auta ta ɗauko injin gurza, ta durƙusa a gefen teburin, ta kunna fitilar waya don ta ga inda za ta sa baki. Ɗinkin waldar ya fito a hasken, siriri, a jere kamar kitso, babu tsalle, babu kumfa, babu inda ya kauce ko da kaurin gashi. Ta bi shi da yatsa har ƙarshen layin, ta zagaya ɗaya gefen ta bi wancan ma, tana neman wuri ɗaya da zai nuna mai aikin ba ya gani.

Ba ta samu ba. Ta koma tsakiya, ta kunna injin gurzar.