Hudar Wuyan Safina

Wanzami ya riga ya sa ƙarfen sakiya a wuta lokacin da Malam Sharhabilu ya faɗo gidan, alli duk a hannun rigarsa. Mahaifiyarsa, Dada, ta kwantar da 'yarsa Safina a cinya. A gefen wuyan jaririyar akwai 'yar huda kamar ta allura, tana tsatsafo da ruwa tun ranar suna.

"Dada, don Allah a dakata."

"Hatimin mutanen ruwa ne. In ba a toshe ba, za su zo ɗaukar abarsu."

Shekara tara yana koyar da ilimin halittu a garin Dutse, amma gaban Dada bakinsa mutuwa yake. Ya shiga ɗaki ya ɗauko dutsen da ya tsinto a Sakkwato yana ɗalibi, wanda ya daina kaiwa aji tun da aka soma maganar shari'a a bana. Kifi ne da ya zama dutse kwance a cikinsa, ƙaya a jere.

"Dubi wuyansa, Dada. Kowane ɗan tayi da irin waɗannan layukan yake farawa. Na kifi su buɗe, ya yi numfashi da su. Namu su rufe, su zama muƙamuƙi da kunne. Duwatsu sun nuna haka abin ya yi ta juyawa tun fil azal. Na Safina guda ne bai gama rufewa ba. Likita zai ɗinke."

Dada ta daɗe tana kallon dutsen.

"To ai ka faɗa da bakinka. Ta ruwa ce."

Ta zame mayafinta. Ƙarƙashin kunnenta akwai tsohon tabon ƙuna, wanda bai taɓa lura da shi ba.

"Ni an yi mini, ga ni zaune. Ƙanenka Barau kuwa, babanku ya hana a yi masa."

Tsoro ya kama shi, bai kuma ji daɗin hakan ba. Yana ɗan shekara bakwai, shi ne ya fara hango rigar Barau a kududdufin Kiyawa, ranar da ƙanen ya nutse.

Duk da haka ya sunkuya ya ɗauki 'yarsa. Dada ba ta riƙe ba, hawaye kawai take yi. Ya sallami wanzami, ya tari ɗan acaɓa.

"Asibiti."

"Ta bakin kududdufi ya fi kusa, Malam."

Sharhabilu ya dafe hudar da babban yatsansa.

"A'a. Zagaya ta titi."