Zabirar da Almu Ya Zaɓa

Almu wanzami ya juya zabirar a hannunsa, ya zura yatsu cikin aljihunanta, ya shinshina fatar, sannan ya ajiye ta kan waɗanda ya riga ya ƙi.

"Wagga ta ango ta," ya ce. "Ni ta aiki nika so."

Illa baduku bai ɗago kai daga takalmin da yake ɗinki ba. Tun suna yara a Tamaske darni ɗaya ya raba gidajensu, kuma ya san ko igiyar akuya Almu zai saya sai ya kushe ta tukuna. Kushen bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda Almu ya shigo, yana dafa darni, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya zauna ya daɗe yana mai da numfashi kafin ya iya gaisuwa.

Illa ya ce masa ya kawo tsohuwar zabirarsa kawai a sake yi mata faci, kamar yadda aka saba. Almu ya girgiza kai, ya ce tsohuwar ta ishe shi abin da ya rage masa, sabuwar ta Surajo ce.

Surajo shi ne kaɗai ɗan da ya rayu wa Almu da matarsa Cima. Ya iya aska tun kafin gemu ya fito masa. Da yaƙin Turawa ya tashi aka kwashe samari aka yi Tawa da su, daga nan labarinsa ya yanke. Sai bayan yaƙi kamyo, babbar motar soja, ya sauke shi a Madawa, fatake suka ƙaraso da shi bisa jaki. Ƙarfen bam ya shige masa gwiwar hagu, ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Tun da ya dawo yake zaune a zaure da sandarsa, ba kasuwa ba majalisa. In an yi masa maganar aski sai ya ce wanzami da ƙafa yake neman abinci.

Washegari Almu ya dawo, ya taso Surajo a gaba. Surajo ya gaida Baba Illa, ya zauna ya miƙe ƙafar, ya ajiye wata jakar soja ta ƙyalle mai kauri da ya zo da ita daga can. Ya ce in dai don kayan aski ne, wannan ta isa, ta sha ruwan sama da ruwan teku ba ta yage ba, kada a wahalar da Baba Illa.

Almu bai yi gardama ba. Ya buɗe tsohuwar zabirarsa ya kwashe ƙahoni da asake da almakashi da dutsen washi, ya zuba su cikin jakar sojan, ya ce Surajo ya rataya ya je bakin rumbu ya dawo. Surajo ya tashi da ƙyar. Duk takun da ya yi sai jakar ta yi lilo ta bugi sanda, ƙahoni suna gwaruwa da juna kamar an ɗaura wa jaki ƙore. Kafin ya dawo, bakin wata aska ya leƙo ta kusurwar ƙyallen.

"Ka jiya?" in ji Almu. "Kahin ka kai Keita ƙaho ɗaya ya tsage. Ƙyalle kuma shina shan raɓa, aska ta kwana ciki ta tashi da tsatsa. Jaka ta mai kyau, amma don harsashi anka yi ta."

Daga nan ya juya wajen Illa ya fara zayyana abin da yake so, yana auna jikin ɗansa da taƙi kamar mai auna riga. Bayan zabirar ya zama na kirgi mai kauri, cikinta fatar akuya mai laushi. Kowace aska da ɗakinta, kada baki ya taɓa baki. Ƙahoni a ƙasa, da shamaki tsakaninsu. Gindinta ya zama shimfiɗaɗɗe, ta iya tsayawa da kanta a ƙasa, tunda mai ita ba zai iya tanƙwashe ƙafa ya ɗora ta a cinya ba. Maratayi gajere, ta zauna ƙarƙashin hammata a ɓangaren da ba sanda, da wata igiya da za ta zagaya ƙugu ta hana ta lilo. Marufi kuma wanda hannu ɗaya zai zame shi sama. Ba geza, ba tuntu. Illa ya ce shi bai taɓa fitar da zabira tsirara daga rumfarsa ba, mutane sai su ce hannunsa ya mutu. Suka ja, suka ja, Almu ya yarda da jan layi ɗaya na karan dafi a bakin marufi.

Duk wannan Surajo yana kallon ƙasa. Da suka yi shiru ya ce, "Baba, ba rashin zabira ya hana ni hita ba."

"Na sani," in ji Almu. "Amma wanda yaz zo aski kanshi shika miƙo maka, idonshi na ƙasa. Ba shi da lokacin duban ƙahwarka."

Surajo ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da suka rage su biyu, Illa ya ajiye basilla ya ce wa abokinsa ya bari a ɗora shi bisa raƙumi a kai shi wajen lokotoro, likitan Turawa, a Tawa, an ce yana da allura. Almu ya janye wando, ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa, ya ɗauke. Ramin yatsan ya zauna bai ciko ba. Ya ce ya yi wa mutane da dama ƙaho a kan wannan ciwo, bai ga wanda ya ga wata damina ba. Ya faɗe shi kamar mai cewa hadari ya haɗu a gabas. Ya ce shi ba ya tsoro, ya ci rabonsa, ya aske kakanni ya aske jikokinsu, abin da ya rage masa kawai Illa ya yi sauri.

Illa ya ture sauran aikinsa gefe. Ya zaɓi kirgin da ya daɗe yana ɓoyo, ya jiƙa, ya buga, ya yanka. Daga bayan darni yana jin tarin Almu, shi kuma Almu yana jin bugun guduma, wani lokaci har ya ɗaga murya ya ce a matse ɗinki. Kafin a gama girbin dawa Almu ya daina fitowa tsakar gida.

Ranar da Illa ya kai zabirar, ya tarar da shi kwance a kan gadon kara, Cima tana yi masa fifita. Almu ya sa aka jingina shi. Ya ja maratayin da duk ƙarfin da ya rage masa, ya duba ɗinkin a hasken ƙofa, ya zame marufin da hannu ɗaya, ya ajiye ta ƙasa ta tsaya. Ya ce jan layin ya yi faɗi. Illa ya gane wannan shi ne yabon da zai samu, ya yi dariya.

Almu ya kira Surajo, ya shiga zuba kayan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan askar ta jarirai ce, ba a taɓa kan babba da ita. Wannan ta tsaga ce. Wannan ƙahon tun na kakan Surajo ne, ya fi sauran kamu. Ya rufe ya miƙa masa. Surajo ya karɓa da hannu biyu, ya kai ɗakinsa ya rataye, kuma a nan ta zauna.

Ana cikin haka sai ga Dauda, wani manomi daga tungar da ke bayan dutse, ya zo da goro. Matarsa ta sauka, namiji, gobe suna. Da ya ga halin da Almu yake ciki sai ya rasa abin faɗi, ya ce babu komai, zai nemi wani wanzami a kasuwa. Almu ya ce shi ya aske Dauda ranar sunansa, ubansa ya aske uban Dauda, askar wani gida ba ta taɓa hawa kan ɗan gidansu ba, kuma ba za a fara yana numfashi ba. Surajo zai zo.

Bayan tafiyar Dauda, Surajo ya durƙusa yadda ƙafarsa ta bar shi, ya ce ba zai bar ubansa a wannan hali ba. Ya ce ya riga ya yi nisa da shi shekaru ba da sonsa ba, ba zai ƙara da son ransa ba. Cima ta goyi bayansa, tana share ido da bakin zane.

"In ka zamna, mi za ka yi min?" in ji Almu. "Kallo? Uwarka na nan, Illa na nan. Yaron can shi ba shi da kowa sai kai. Tahi ka aske shi, ka dawo ka ba ni labari."

Da asuba Illa ya ɗaura wa jakinsa akumari, ya taimaki Surajo ya hau. Da hannunsa ya zagaya masa igiyar ƙugu ya ɗaure. Jakin ya kama hanyar dutse, zabirar tana manne da haƙarƙarin Surajo, ko motsi ba ta yi.

Illa ya koma ya zauna gefen gadon. Almu ya tambaye shi ko zabirar ta yi lilo, ya ce ba ta yi ba. Almu ya lumshe ido. Suka ɗan taɓa hirar dā, shekarar da fara ta cinye gonaki, da ranar da rijiyar unguwa ta rufta. Da hantsi ya ɗaga, Almu ya tambayi inda rana take. Illa ya leƙa ya gaya masa.

"To ya gama aski," in ji Almu. "Yanzu shina jiran nama."

Ya yi murmushi, ya nemi ruwa, Cima ta ɗiga masa a baki. Illa ya ga numfashin ya sauya, ya matsa kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada, leɓɓan Almu suna binsa har suka tsaya. Illa ya shafe masa ido.

Aka tura mai doki tungar. Liman ya ce a jira har azahar. An riga an jera sahu a ƙofar gida sai ga jakin ya ɓullo ta bayan rumbuna. Surajo ya sauka, mutane suka buɗa masa, ya jingina da sandarsa ya shiga sahun gaba, zabirar tana jikinsa. Da ita ya bi gawa har maƙabarta, da ita ya zuba ƙasa.

Da la'asar masu gaisuwa suka ragu. Illa yana zaune a zaure kusa da Surajo. Ya tambaye shi wane suna aka sa wa yaron, Surajo ya ce Isufu, ya ce kansa cike da gashi, ko kuka bai yi ba. Sannan ya kwance igiyar ƙugu, ya ajiye zabirar a ƙasa, ya zame marufi ya zaro askar jarirai, don a gaggauce ya mai da ita da mai doki ya iso. Gashin jaririn yana nan manne a bakinta, baƙi, mai laushi kamar auduga. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa ya hura a hankali, gashin ya tashi ya bi iska ya fita waje.