Saniyar da Halliru ya ƙi karɓa

Wanda ya san Alhaji Halliru a ofis kawai, bai san shi ba. A Kano shugaba ne a wani kamfanin inshora. Ya fara da yawo a kan Vespa yana lallashin masu manyan motoci su yi wa abin hawansu inshora, har ya kai kujerar da sai an ƙwanƙwasa ake shigo masa. Amma a Falgore ta ƙasar Rogo, shi ne dai yaron nan da ya tsani fartanya, kullum yana gindin Hammawa, ɗan rugar bayan gari, suna bin shanu.

A karar Karaye, wato kasuwar shanu, mahaifin Hammawa ya koya musu sayen saniya. Ba ƙiba ake dubawa ba. A buɗe baki a ga haƙori, a taɓa ƙashi, a kalli tsayuwar ƙafa. Wadda rani ya ramar ita ce mai arha, kuma damina ɗaya ta ishe ta. Da wannan karatun Halliru ya ci abinci a birni. Da aka damƙa masa juya dukiyar kamfani, sai ya riƙa sayen hannun jarin da kowa ke gudu. Ya tuƙa mota har ƙofar masaƙa ko kamfanin man gyaɗa, ya tsaya yana sauraron ƙarar inji, yana kallon fuskokin ma'aikata. In ya gamsu ya saya, ya kawar da kai shekara da shekaru. Abokan aiki suka laƙaba masa dillalin ramammu, daga baya kuma su ne masu leƙen abin da ya saya.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi. Duk sanda ya yi wa Hammawa zancen inshorar shanu, sai Hammawa ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Kai Kaɗo! Takarda ce za ta haifa mini maraƙi?”

Kaɗo yake kiransa tun suna yara, kuma duk duniya babu sunan da ya fi yi wa Halliru daɗi.

A 1983 ciwon bushiya ya shigo, ya share garken Hammawa kaf. Halliru ya zo ya tarar da ruga shiru, igiyoyin maruƙa a yashe a ƙasa. Da cutar ta lafa ya je kara, ya zaɓo wata jar karsana, fata da ƙashi, amma haƙoranta lafiya lau. Hammawa ya ce zai karɓa, amma a matsayin haɓɓanaye, wato aron da Fulani ke yi wa juna in garke ya mutu. Saniya ta zauna wurinka har ta yi haihuwa uku, 'ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Halliru ya ce ya ji. Hammawa ya raɗa mata suna Ramammiya.

Ta kuwa haifi mata a jere. Da ta yaye ta uku, Hammawa ya jira babbar Sallah, lokacin da Halliru ke gida. Ya sha sabon rawani, ya gayyato dattawan ruga, suka jawo ta har ƙofar gidan. A shekarar aka ƙara wa Halliru girma, zaure cike da baƙi daga Kano. Ya fito da fara'a, ya ga igiyar da ake miƙo masa, ya yi dariya.

“Haba Hammawa! In kai ta ina, ofis? Na bar maka ita, kyauta.”

Baƙi suka yi ta sa albarka. Shi ma har ga Allah gani yake ya kyauta. Hammawa ya ce, “Madalla, Alhaji,” ya juya da saniyar.

Daga ranar Kaɗo ya mutu a bakinsa. Gaisuwa dai ba ta yanke ba, har ma ta ƙara tsawo, da durƙuso da ranka ya daɗe. In an kawo abinci sai ya ce alhamdulillahi, yanzu ya ci. Abin ya riƙa cin Halliru a rai, amma aiki ya yi yawa, ya ɗauka tsufa ne ke sauya mutane.

Sai da ya yi ritaya a 1996 ya dawo Falgore, sannan kewa ta kama shi sosai. Ga gida, ga rufin asiri, ga masu gaisuwa, amma babu mai zolayarsa. Ya kan zauna ya tuna ƙwarya ɗaya da suke sha a gindin tsamiya, suna faɗa a kan ludayi.

Wata safiya ya taka zuwa ruga. Ya tarar da Hajo, matar Hammawa, tana jiƙa wa wata tsohuwar saniya dusa. Sai da ya matso ya gane jar fatar.

“Ramammiya ce? Har yanzu tana nan?”

“Ina za ta, Alhaji? Ta daina haihuwa, haƙora sun zube. Mahauta sun taya har sun gaji. Malam ya ce ba ya sayar da abin da ba nasa ba.”

“Ai na ba shi ita!”

Hajo ta ɗauraye hannu kafin ta amsa.

“Alhaji, ka yi mini haƙuri. Aro tsakanin abokai ake yin sa. Ranar nan ya zo ne ya nuna maka, a gaban mutanensa, cewa ya miƙe da ƙafarsa. Sai ka yi masa sadaka.”

Kunya ta rufe Halliru, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya nufi bukkar da Hammawa ke kishingiɗe, ƙafafu sun kumbura. Hammawa ya yunƙura zai durƙusa.

“Zauna,” in ji Halliru. “Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na zo karɓar saniyata. Aro ya yi tsawo.”

Hammawa ya zuba masa ido. Ya jawo sanda, ya miƙe da ƙyar, ya ƙi yarda a riƙe shi. Da kansa ya kwance igiyar, ya kira maƙwabta biyu su shaida, ya ɗora ta a tafin Halliru.

“Buɗe bakinta ka duba,” ya ce. “Kada gobe ka ce na musanya maka.”

Halliru ya buɗe. Babu komai sai dasashi. A duk rayuwarsa bai taɓa karɓar abin da ba zai ƙara daraja ba, amma ya damƙe igiyar da hannu biyu, hawaye na zuba a gemunsa.

Hammawa ya waiwaya wajen bukka.

“Hajo, dama fura. Ƙwarya ɗaya za ki kawo. Ki ba Kaɗon nan ƙaramin ludayi, na san halinsa.”